Fiɗar Wata Doguwar Kalmar Turanci: Photosynthetically

A wani zangon karatu da ya wuce, ina koyar da ɗaliban ajin farko na jami'a yadda tsirrai ke haɗa abincinsu, sai na umurci wani ɗalibi ya karanta mana sakin layi ɗaya daga cikin littafin da muke amfani da shi. Yaron ya kama karatu tiryan-tiryan babu gargada, har ya iso kan kalmar photosynthetically. Nan ya ci birki. Ya gwada sau ɗaya, ya gwada sau biyu, 'yan aji suka tuntsire da dariya, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya zauna. Daga ranar har ƙarshen zangon bai sake ɗaga hannu a ajina ba, alhali kuwa takardunsa na gwaji sun nuna yana cikin waɗanda suka fi kowa fahimtar darasin. Da na bi layi na ce masu dariyar su faɗi kalmar ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi mafi yawansu ba su fi shi iyawa ba.

Ni dai ba malamin harshe ba ne, fannina nazarin halittu. Amma a ɗakin gwaje-gwaje mun saba da wata dabara: idan halitta ta gagari fahimta daga waje, sai mu kwantar da ita a kan allo mu feɗe ta, mu ga kowane sashe da aikinsa. Haka za mu yi wa wannan kalma. Tambayoyi uku ne a gabanmu. Gaɓa nawa ke gare ta? Wace gaɓa ake ƙarfafawa wajen furuci? Da waɗanne guntaye masu ma'ana aka gina ta? Mai karatu zai lura cewa wuƙar kowace tambaya a wuri dabam take yanka, kuma daga nan ne yawancin ruɗanin ɗalibai yake tasowa.

Gaɓoɓin kalmar

Gaɓa ita ce guntun kalma wanda ake furtawa da bugu ɗaya, kuma kowace gaɓa tana da wasali a matsayin cibiyarta. Akwai hanya mai sauƙi ta ƙidaya gaɓa. Sanya bayan hannunka a ƙarƙashin haɓarka, ka furta kalma a hankali. Duk lokacin da haɓa ta sauko ta taɓa hannu, an sami gaɓa ɗaya ke nan. Gwada da ma-ka-ran-ta, za ka ji sau huɗu.

Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, kamar "da", baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar "kai", sai baƙi da wasali da baƙi, kamar "ran" ɗin makaranta. Hausa ba ta fara gaɓa da jerin baƙaƙe biyu. Shi ya sa da kakanninmu suka ari kalmomin Turawa sai suka zuba masu wasula a tsakani: bread ta zama burodi, primary ta zama firamare, screwdriver ta zama sukudireba. Turanci kuwa ya yarda a cunkusa baƙaƙe har uku a farkon gaɓa, a ƙara wasu a ƙarshenta. Kalmar strengths haruffa 9 ce, wasalinta ɗaya, gaɓarta ɗaya tak.

Idan muka auna da wannan sikeli, kalmarmu ba ta kai yadda ake jin tsoron ta ba. Haruffanta 18 ne. Ƙamus yana raba ta gida bakwai a rubuce: pho-to-syn-thet-i-cal-ly. Amma a bakin masu harshen gaɓa shida aka fi ji, domin wasalin a na cikin cal haɗiye shi ake yi, sai kalmar ta fito kamar haka: fo-to-sin-the-tik-li. Haka ake yi wa duk 'yan'uwanta masu ƙarewa da -ically. Kalmar basically, alal misali, gaɓa uku ake ji, ba huɗu ba. Wanda ya furta duka bakwai ɗin za a gane shi, ba a kuma ce ya yi kuskure ba, sai dai zai yi kama da mai haɗa baƙi. To, dubi gaɓoɓin nan shida da kyau. Kowace ɗaya baƙi da wasali ce, ko kuwa baƙi da wasali da baƙi, wato daidai ƙirar gaɓar Hausa. A ganina strengths mai gaɓa ɗaya ta fi wannan doguwar kalma wuya a bakin Bahaushe nesa ba kusa ba.

Abin da ke ƙara mata kwarjini shi ne haruffa sun fi sautuka yawa. Haruffan ph sauti ɗaya ne, wato f irin na Turawa, wanda ake ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Haruffan th su ma sauti ɗaya ne, irin na farkon think: a sa tsinin harshe a bakin haƙoran sama a huro iska, ba tare da murya ba. Duk wanda ya yi karatun allo da kyau ya san shi, domin shi ne sautin harafi na huɗu na abacadan Larabci, mai ɗigo uku a sama. Harafin y na cikin syn gajeren i ne, haka kuma ll sau ɗaya ake furta ta.

Bari in ɗan yi ratse a kan ph, tun da an daɗe ana yi wa Hausawa ba'a a kan p da f. A tsohon Girkanci, harafin da Romawa suka rubuta da ph ba f ba ne, p ne mai biye da hucin iska, shi ya sa suka sa h a bayansa. Daga baya ne bakin Girkawa ya mayar da shi f, rubutun kuwa ya tsaya yadda yake. Ashe ke nan wannan tuntuɓe tsakanin p da f ya girme mu da shekaru aru-aru.

Saura tambaya ɗaya a nan. Me ya sa ƙamus ya rubuta thet-i, alhali kunne yana jin the-tik? Dalili shi ne, a ƙa'idar rubutun Turanci, gajeren wasali mai ɗauke da ƙarfi yakan jawo baƙin da ke bin sa ya rufe gaɓar da shi. Rabon ƙamus an yi shi ne musamman don a san inda za a sa karan ɗori idan layi ya ƙare kalma ba ta ƙare ba. Saboda haka, a takardar jarrabawa, a yanka kalmar bayan photo- ko bayan syn-, kada a kuskura a raba p da h, ko t da h.

Inda ake ƙarfafawa

Nan ne gizo ke saƙa. Hausa tana bambanta kalmomi da karin sauti, wato hawa da saukar murya, da kuma tsayin wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, kari ne ya raba su. Haka fari na launi, da fari na rashin ruwan sama, da fari masu cinye amfanin gona. Turanci ba ya aiki da kari ta wannan hanya. Abin da yake yi shi ne, a kowace kalma mai gaɓa biyu ko fiye, sai ya zaɓi gaɓa ɗaya ya ƙarfafa ta, sauran su raunana. A wannan darasi za mu rubuta gaɓa mai ƙarfi da manyan haruffa. Ruwan da muka tatso daga ganye a ɗakin gwaji sunansa EX-tract, aikin tatsowar kuwa ex-TRACT. Haruffa iri ɗaya, ma'ana biyu.

Mene ne ƙarfin gaɓa a jikin ɗan Adam? Tsokokin numfashi sukan ƙara matsa huhu, iska ta fito da ƙarfi, tantanin murya da ke cikin maƙogwaro ya ƙara saurin karkarwa. Sakamakon haka gaɓar takan fi sauran amo, ta fi su tsawo, galibi kuma muryar ta ɗan hau sama. Gaɓoɓin da ba a ƙarfafa ba kuwa sai a bi ta kansu da sauri, wasulansu su dushe. Kuskurenmu na yau da kullum shi ne mu ba kowace gaɓa cikakken haƙƙinta kamar yadda muke yi a Hausa, sai kalmar ta fito a shimfiɗe, babu tudu babu kwari, mai saurare ya rasa inda zai kama ta.

Yanzu mu jera kalmarmu da danginta:

pho-to-SYN-the-sis
pho-to-SYN-the-size
pho-to-syn-THET-ic
pho-to-syn-THET-i-cal-ly

A biyun farko, wato suna da aikatau, ƙarfi yana kan SYN. A biyun ƙarshe, sifa da bayanau, ya matsa gaba ya koma kan THET. A dukkansu akwai wani ƙaramin ƙarfi a kan pho ta farko, domin Turanci ba ya son fara doguwar kalma da jerin raunanan gaɓoɓi. Ke nan kiɗan kalmarmu shi ne: ƙaramin bugu a kan pho, a wuce to da syn da sauri, babban bugu a kan THET, sannan a gangara da tik-li. Ɗalibin nan nawa a kan SYN ya tsaya, saboda a nan ya saba jin ƙarfi tun yana sakandare, da ya ƙarfafa ta kuwa sai ragowar kalmar ta ƙi tafiya. Masu yi masa dariya kuwa, da yawansu a kan cal suka sa ƙarfin, gaɓar da masu harshen ba su ma furta wasalinta.

Me ya ɗauke ƙarfin daga SYN ya kai shi THET? Ɗan guntun nan ne -ic. Ƙa'idar ita ce: kalmar da ta ƙare da -ic, ƙarfinta yana kan gaɓar da ta zo daf kafin -ic ɗin. Ƙara -al ko -ly ba ya sake motsa shi. Wannan ƙa'ida ɗaya, in ɗalibi ya riƙe ta, ta ishe shi furta ɗaruruwan kalmomin kimiyya. Dubi MI-cro-scope, amma mi-cro-SCOP-ic da mi-cro-SCOP-i-cal-ly. Dubi PAR-a-site, amma par-a-SIT-ic. Dubi me-TAB-o-lism, amma met-a-BOL-ic. Dubi sunan fannin nawa ma, bi-OL-o-gy, amma bi-o-LOG-i-cal-ly. Misalin da na fi so shi ne na dangin hoto, kalmar da mu ma muka ara daga photo: PHO-to-graph, pho-TOG-ra-pher, pho-to-GRAPH-ic. Ƙarfi ya zauna a wurare uku dabam-dabam a cikin gida ɗaya.

Akwai 'yan kalmomi masu taurin kai da suka ƙi bin ƙa'idar, irin su AR-a-bic, da POL-i-tics, da a-RITH-me-tic idan ana nufin darasin lissafi. Ba su da yawa, haddace su ake yi. Abin sha'awa shi ne da zarar an ƙara masu -al sai su shiga taitayinsu: po-LIT-i-cal, ar-ith-MET-i-cal.

Ƙaurar ƙarfi tana sauya sautin wasali, ko da harafin bai sauya ba. A photosynthesis, harafin e na cikin the ba shi da ƙarfi, don haka wani dusasshen wasali ake ji, tsakanin a da i, wanda harshe ba ya motsawa sosai wajen furta shi. A photosynthetically kuwa wannan harafin dai ya sami ƙarfi, sai ya fito sarai kamar e na cikin get. Masu shirin jarrabawar WAEC su lura da wannan, domin a takardar furucin Turanci akan tambayi gaɓar da ke ɗauke da ƙarfi, akan kuma tambayi sautin wasali, ga shi kuwa ɗayan ya rataya ne a kan ɗayan.

Ginin kalmar

Masana harshe suna kiran tushen kalma saiwa, guntayen da ake liƙa mata kuwa ɗafi: na gaba ɗafa-goshi, na baya ɗafa-ƙeya. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Daga noma muka sami ma-nom-i, daga karanta muka sami ma-karant-a, daga Hausa muka sami Haus-anci. Kalmarmu guntaye shida ce masu ma'ana: photo, syn, thet, ic, al, ly.

Ukun farko Girkanci ne. Photo daga kalmar phos take, wato haske. Syn na nufin tare. Saiwar the kuwa na nufin sanyawa ko ajiyewa, ita ce kuma a cikin thesis da hypothesis. Idan aka haɗa syn da thesis an sami "sanya abubuwa tare", wato harhaɗawa. Aka ɗora photo a gaba, sai ya zama harhaɗawa ta hanyar haske. Abin da koren ganye yake yi ke nan: yana ɗaukar ruwa daga saiwa da iskar kabon dayoksaid daga sarari, ya yi amfani da ƙarfin hasken rana ya haɗa sukari, ya saki iskar oksijin. Wanda ya feɗe kalmar ya riga ya sami rabin ma'anar darasin tun kafin malami ya buɗe baki.

Daga ina t ta biyu ta fito a cikin thet? Wannan ma gadon Girkanci ne: sunan da ya ƙare da -sis, sifarsa takan ƙare da -tic. Littafin nazarin halittu cike yake da irin waɗannan tagwaye: osmosis da osmotic, mitosis da mitotic, symbiosis da symbiotic, analysis da analytic, genesis da genetic. Duk ɗalibin da ya gane wannan, in ya ga sabon suna mai -sis zai iya ƙera sifarsa da kansa, ya kuma san inda zai ƙarfafa.

Ɗafin -ic shi ne ke mayar da suna sifa. Asalinsa Girkanci, ya shigo Turanci ta hanyar Latin da Faransanci. Ɗafin -al na Latin ne, shi ma sifa yake yi. A kalmarmu ba ya ƙara wata ma'ana, kuma ba a saba cewa photosynthetical ba. Yana nan ne kawai domin al'adar rubutun Turanci ta ce sifa mai -ic ba ta karɓar -ly kai-tsaye, sai an shimfiɗa -al a tsakani. Fitacciyar kalmar da ta kuɓuta daga wannan ita ce publicly. Ga tarkon ke nan: baki yana tsallake al, hannu kuwa tilas ya rubuta ta. Na sha cin karo da photosyntheticly da geneticly a takardun ɗalibai, kuma duk kunne ne ya yaudare su.

Guntu na ƙarshe, -ly, shi kaɗai ne ɗan asalin gida. A tsohon Turanci akwai kalmar lic, ma'anarta jiki ko siffa, daga gare ta aka sami like da kuma wannan ɗafi. 'Yar'uwarta tana nan da rai a Jamusanci, Leiche, sai dai a can ma'anarta gawa. Aikin -ly shi ne mayar da sifa bayanau, wato kalmar da ke faɗin yadda abu ya kasance ko ta wace fuska. Hausa tana da tata hanyar mai kyau: a kimiyyance, a siyasance, a Hausance. Scientifically dai ita ce a kimiyyance, babu ragi babu ƙari.

Kalmar ba tsohuwa ba ce, duk da tsufan sassanta. A shekarar 1893 wani masanin tsirrai na Amurka, Charles Barnes, ya ga bai dace a ci gaba da kiran wannan aiki na ganye da assimilation ba, tun da ana amfani da wannan kalma ga yadda jikin dabba ke sarrafa abinci. Ya kawo sunaye biyu, photosyntax da photosynthesis, shi kansa kuwa na farkon ya fi so. Masana suka bi na biyun. Da zaɓinsa ne ya yi nasara, da yau photosyntactically muke fama da ita, kuma da ƙarfinta yana kan TAC, daf da ɗafin -ic, bisa ƙa'idar nan dai tamu.

Kalmar a cikin jimla

Inda ɗalibi zai fi haɗuwa da ita shi ne a cikin photosynthetically active radiation, wanda ake taƙaitawa da PAR. A nan bayanau ɗin yana yi wa sifar active iyaka: hasken da ke da amfani, amma ta fuskar haɗa abincin tsiro kaɗai. Ba dukkan abin da rana ke aikowa ne ganye ke iya aiki da shi ba. Abin da ke yi masa amfani shi ne hasken da tsawon zangonsa yake tsakanin nanomita 400 da 700, wato kusan launukan bakan gizo da idonmu ke gani, daga shuɗi mai duhu zuwa ja. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita. Wannan yanki bai cika rabin ƙarfin hasken rana da ke isowa ƙasa ba. Mafi yawan saura shi ne wanda ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani amma fata ke jin sa a matsayin zafi. Wanda ya tsallake doguwar kalmar don tsoro ya karanta active radiation kawai, ya zubar da ainihin abin da jimlar ke faɗa, zai kuma ɗauka cewa duk zafin ranar bazara abinci ne ga shuka.

Ga malamai 'yan'uwana, ga yadda nake koyar da irin wannan kalma yanzu. Ina fara ta daga ƙeya, ba daga goshi ba. Aji ya ce li, sannan tik-li, sannan THE-tik-li da ƙarfi, sannan sin-THE-tik-li, daga ƙarshe a ɗora fo-to a gaba. Amfanin wannan shi ne baki yana kama gaɓa mai ƙarfi tun da wuri, duk abin da aka ƙara a gaba sai ya zo ya same ta a zaune. Wani lokaci nakan sa su rufe baki su yi gunjin kalmar kawai, suna buga tebur a kan gaɓa mai ƙarfi. Minti biyu sun isa, kuma ba sai an jira malamin Turanci ba.

Ɗalibai kuwa su gwada wuƙarsu a kan waɗannan: genetically, osmotically, anaerobically, systematically, physiologically. A kowace ɗaya a ƙidaya gaɓoɓin rubutu da na furuci, a nemo -ic a ja layi a ƙarƙashin gaɓar da ta zo daf kafin ta, sannan a ware saiwa da ɗafi. A ta ukun akwai ɗafa-goshi mai kore ma'ana. A gano shi, a kuma faɗi dalilin da ya sa yake da n a ƙarshensa, alhali a cikin asexually babu ita.